Fitilar "cek" ta kama a tsohuwar motarka? Bincika kafin ka sayi kayan gyara

Ba abin mamaki ba ne a Kano ko Kaduna ka shiga tsohuwar Corolla ko Honda Accord, ka tarar da wata fitila mai ruwan ɗorawa da siffar inji tana ci a gaban direba. Wani ya shekara da ita a kunne, wani ya liƙe ta da salatif. Wani kuwa da ta kama sai ya nufi 'yan kayan gyara, ya yi ta sauya fulogi da koyil da sensa, kuɗi su ƙare fitila na nan.

Kanikawa na kiran ta "cek". Kwamfutar mota ce ke kunna ta idan ta ga wani abu ya saɓa a aikin inji ko hayaƙin da yake fitarwa, sannan ta adana lambar matsalar. Tun 1996 Amurka ta wajabta wannan tsari mai suna OBD-II a kan motocin da ake sayarwa a ƙasar, Turai kuma ta bi sahu a 2001 kan masu amfani da fetur. Don haka yawancin motocin tokumbo suna da soket mai rami 16 a ƙasan sitiyari, inda ake jona na'urar karanta lambar. Akwai ma ƙananan na'urori da ke haɗuwa da waya ta Bluetooth.

Motar da ta fito daga Amurka da mil take lissafi. In ka ga 150,000, ta haura kilomita 240,000 ke nan. A wannan matsayi robobi sun bushe, wayoyi sun gaji, shi ya sa fitilar ke yawan kamawa.

Tana ci ne ko tana ƙiftawa?

Idan fitilar na ci a tsaye, mota kuma na tafiya lafiya, za ka iya kai ta gareji cikin 'yan kwanaki. Idan tana ƙiftawa, inji na karkarwa, wata silinda ce ba ta ƙona mai. Ɗanyen fetur na zuba cikin salansa, yana iya ƙona matatar hayaƙi da kanikawa ke kira "indomi", wadda tsadarta ta ninka ta fulogi sau da yawa. Rage gudu, ka nemi wurin tsayawa. In kuma jar fitilar baƙin mai ce ta kama, ko allurar zafi ta hau, kashe inji nan take.

Lamba hanya take nunawa

Kuskuren da ya fi cin kuɗin masu mota shi ne sayen kaya da zarar an karanta lamba. Ɗauki P0171, wadda ke nufin iska ta yi yawa, mai ya yi kaɗan. Sau da yawa sai a sauya sensar da ke jikin salansa, alhali ita ɗan aike ce kawai. Ainihin matsalar na iya zama tsagaggen tiyon iska, ko ƙurar hunturu a kan sensar da ke auna iskar da ke shiga inji, ko famfon mai da ya yi rauni.

P0301 na nufin silinda ta ɗaya ba ta ƙonawa daidai. Gogaggen bakanike zai musanya koyil ɗinta da na silinda ta biyu. In lambar ta koma P0302, koyil ne. In ba ta sauya ba, sai a duba fulogi, nozil da ƙarfin matsin silindar.

P0420 kuwa ƙorafi ne kan indomi. Wataƙila ta gaji, wataƙila salansa ce ta huje, wataƙila ma an cire ta tun kafin motar ta iso hannunka, domin tana ɗauke da ƙarafa masu daraja. In injin na shan baƙin mai, sabuwar da ka saka ma ba za ta daɗe ba. Akwai kuma P0455, wadda wani lokaci murfin tanki ne kawai bai rufu da kyau ba.

Cire kan batir ba gyara ba ne

Cire kan batir na iya kashe fitilar, amma yana iya share bayanan da bakanike zai yi aiki da su, kuma bayan 'yan tafiye-tafiye ta dawo. Barin ta a kunne ma akwai asara: in sabuwar matsala ta taso, ba za ka gane ba. Ga kuma ƙarin shan mai, a lokacin da kowace lita ke da zafi tun cire tallafi a watan Mayun 2023.

Mai shirin sayen motar hannu ya lura: in ka murɗa makulli kafin inji ya tashi, dole fitilar ta kama, sannan ta mutu bayan ya tashi. In ba ta kama ba sam, mai yiwuwa an cire ƙwanta ko an rufe ta.

A gareji, ka nemi a nuna maka lambar, ka ɗauke ta a hoto kafin a goge. Ka tambayi bakanike wane gwaji ya tabbatar masa da cewa kayan da zai sauya ne suka lalace, ka kuma karɓi tsofaffin da aka cire. In ba shi da amsa, gara ka biya kuɗin bincike a wani wurin da ka sayi kayan da motarka ba ta buƙata.