Hotunan Kafin Aure a Lokacin Hunturu

Hotunan kafin aure, waɗanda samarin birni ke kira firi-wedin, su ne waɗanda saurayi da budurwa kan ɗauka bayan an sa rana, kafin ɗaurin aure. Ana buga su a katin gayyata da kalanda, a tura wa dangi ta WhatsApp. Abin ya yi ƙarfi a Kano da Kaduna, ya tsallako Maraɗi da Damagaram, kuma wayar hannu ta kai labarinsa har garuruwa irin Hawandawaki, da ke kudancin Tasawa dab da iyakar Najeriya. Yawancinsu a hunturu ake ɗauka, domin bayan kaka ne gero da wake suke shiga rumbu, kuɗi su shigo hannu, bukukuwa su yi yawa. A 2025 da 2026 azumi ya kama ne a ƙarshen sanyi, abin da ya ƙara cushe bukukuwan a watannin Disamba da Janairu.

Masu son hoton kan dutse suna da tafiya a gabansu, don ƙasar Tasawa da Mayahi jigawa ce shimfiɗaɗɗiya. Duwatsun da aka fi sani a kusa su ne na Damagaram, manyan curarrun duwatsu da suka zauna a tsakiyar gari, musamman wajen unguwar Birni, tafiyar kilomita ɗari da 'yan kai daga Tasawa a kan babbar hanya. A ƙetaren iyaka akwai Dala da Goron Dutse a Kano, da Kufena a Zariya, da duwatsun garin Dutse a Jigawa. Dala ta fi suna saboda tarihin Barbushe, amma mai hoto da ya hau ta a watan Janairu don ya kama birnin Kano a bayan ango da amarya, sau da yawa farin hazo kaɗai zai sauko da shi.

Wannan hazon shi ne jigon maganar. Iskar hunturu tana kaɗawa daga arewa maso gabas tun Nuwamba har wajen Maris, kuma babban kaso na ƙurarta daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi yake tasowa. Kwarin busasshen gindin tsohon tafki ne, wanda ragowarsa ita ce Tafkin Cadi na yau. Ƙasar wurin fara ce, mai laushi, domin ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa ne da suka mutu suka taru shekaru dubbai. Iska takan matsu tsakanin tsaunukan Tibesti da Ennedi, ta fito da ƙarfi, ta kwashi wannan gari ta yi yamma da shi. Shi ya sa sararin hunturu yake yin fari fat.

Ƙurar tana warwatsa hasken rana ta kowace fuska, kamar an yafa wa ranar farin mayafi. Ga hoton fuska wannan alheri ne: inuwa ba ta yin kaifi a ƙarƙashin ido da hanci, mutum ba ya yamutsa fuska, kwalliya tana fitowa sumul. Ga abin da ke nesa kuwa asara ce, don dutse da itatuwa sukan dushe, launinsu ya koma toka-toka. Gwanin mai hoto yakan matso da mutanen jikin dutsen, ya cika hoton da su da shi, ya rage sararin sama. Ƙurar kuma zuwa take yi guguwa-guguwa: kwana biyu ko uku gari ya rufe, sannan ya washe. Saboda haka ya fi kyau a ware kwanaki a cikin mako guda, a bar mai hoto ya zaɓi ranar da safe.

A cikin yinin ma akwai zaɓi. A Janairu rana tana fitowa wajen ƙarfe bakwai saura, ta faɗi jim kaɗan bayan shida. Da sassafe iska a kwance take, amma sanyi kan sauka ƙasa da digiri 15, ga amarya cikin leshi mara kauri. Da hantsi iskar take tashi da ƙarfinta, ta riƙa fizgar mayafi da babbar riga. Lokaci mafi daɗi shi ne bayan la'asar, sai dai gajere ne, domin a ranar ƙura rana takan ɓace cikin hazo tun ba ta kai ƙasa ba. Wanda ya tsaya jiran jan sararin almuru, duhu ne zai riske shi.

Bushewar iska ba ta barin fata. Kyamara tana nuna tsagewar leɓe da furu-furun gwiwar hannu da kaushin diddige fiye da yadda ido yake gani, kuma man kaɗanya na mako guda kafin ranar ya fi hodar safiya ɗaya amfani. Farar shadda takan narke cikin farin sama, baƙar kuma ta kwashi ƙura kafin a gama hawa. Shuɗi mai duhu, kore da ruwan goro sun fi tsayawa a jikin dutse. Takalmi mai tsini a jaka ake hawa da shi. Shi kuma mai hoto ba ya sauya gilashin kyamara a fili, kuma ba ya goge shi da gefen riga, don ƙurar tana karce shi. Hurewa ake fara yi.

Wanda bai da halin tafiya bai rasa komai ba. Gawo, wanda ya cika gonakin ƙasar Tasawa da Mayahi, yana zubar da ganye da damina ya yi kore shar da rani, don haka shi ne inuwa mai launi a lokacin da kuka ta tsaya tsirara. A kwarin Gulbin Kaba wajen Mayahi akwai goriba jere-jere. Gawo ɗaya da rumbu a bayansa da yamma ya fi dutsen da hazo ya cinye.

Akwai kuma maganar gida. Malamai da yawa suna wa'azi a kan waɗannan hotuna, hujjarsu ita ce baiko ba aure ba ne, don haka riƙe hannu da jingina da juna ba su halatta ba. Iyaye kuma suna tuna cewa ana fasa aure bayan sa rana, hoton da ya shiga wayoyi kuwa ba ya dawowa. Wasu gidajen sun hana gaba ɗaya. Wasu sukan yarda da sharaɗin yayar amarya ko gwaggonta ta raka su, a tsaya da 'yar tazara, a dawo kafin magariba. Wasu kuma sukan jinkirta fitar har bayan ɗaurin aure, kafin tarewa, sannan su bar katin gayyata da sunaye kawai.