INDA YA KAMATA A AJIYE KWAFIN BAYANAN HUKUMA SABODA RANAR BALA'I

A watan Satumba na shekarar 2010, ruwan sama mai yawa da kuma ruwan da aka saki daga madatsar Goronyo sun sa Gulbin Rima ya cika ya batse, ya malale garuruwa da gonaki a ƙananan hukumomi irin su Goronyo, Wurno da Kware. A birnin Sakkwato kuwa, ruwan ya karya gadar da ta haɗa gari da mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, har aka rufe jami'ar na wani lokaci. Haka kuma a watan Janairu na 2021 gobara ta cinye wani babban sashe na Babbar Kasuwar Sakkwato. A irin waɗannan ranaku ba dukiya kaɗai ake asara ba. Takardun filaye da gonaki, rajistar haihuwa, takardun albashi da fansho, da bayanan marasa lafiya na iya salwanta cikin dare ɗaya, kuma idan suka salwanta, haƙƙin talaka ne ke shiga rigima.

Saboda haka ake buƙatar kowane ofishi ya yi kwafin muhimman bayanansa. Sai dai yin kwafi kaɗai bai wadatar ba, domin kwafin da aka ajiye a aljihun teburin da kwamfutar take kai, wutar da ta ci kwamfutar ita za ta ci shi. Abin lura shi ne wurin ajiya.

Ƙa'idar da masana suka amince da ita

Masana harkar kwamfuta suna aiki da ƙa'idar da suke kira 3-2-1. Ma'anarta ita ce a mallaki bayani guda uku, wato na asali da kwafi biyu. A ajiye su a kan abubuwa iri biyu, misali rumbun kwamfuta na waje da kuma ma'ajiyar intanet. Sannan ɗaya daga cikinsu ya kasance nesa da ofishin. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu. Littattafan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da Malam Abdullahi na Gwandu da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello sun kai gare mu ne saboda almajirai sun kwafe su da hannu sun tafi da su garuruwa dabam-dabam. Idan gara ta ci na wannan gida, akwai na wancan.

Yadda ake zaɓar wuri na nesa

Na farko, ba yawan kilomita ake dubawa ba, hatsarin da wuraren biyu suka yi tarayya a kai ake dubawa. Ofishin da ke Goronyo, idan ya kai kwafinsa wani gini da ke fadama a Wurno, bai tsira ba, domin gulbi ɗaya ne ke ratsa yankunan biyu. Sai a nemi gini a kan tudu, wanda bala'i ɗaya ba zai haɗa shi da ofishin asali ba.

Na biyu, a duba hanya. Darasin gadar jami'a shi ne, kwafin da ba a iya isa gare shi a ranar da ake nemansa tamkar babu shi ne.

Na uku, a duba yanayin ɗakin. Zafin Sakkwato yakan haura digiri 40 a lokacin bazara, ƙurar hunturu tana shiga na'urori, laimar damina da gara kuma suna lalata takarda. A ajiye filash, faifai ko rumbun waje cikin akwatin ƙarfe mai kulle, a ɗora shi sama da ƙasa, nesa da janareta da man fetur. Bayan an gama kwafi a zare na'urar daga kwamfuta, don kada wuta mai ƙarfi ko ƙwayar cutar kwamfuta ta same su tare.

Na huɗu, ma'ajiyar intanet tana da amfani sosai, domin ambaliya ko gobarar gari ba ta kai gare ta. Amma tana buƙatar sabis da wutar lantarki, waɗanda sukan ɗauke daidai lokacin bala'i. Don haka ta zama ƙari a kan kwafin hannu, kada ta maye gurbinsa. Bugu da ƙari, kada a zuba bayanan hukuma a imel ko wayar wani ma'aikaci, domin ranar da aka yi masa canjin wurin aiki, ko ya yi ritaya, bayanan sun tafi da shi. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane alhakin tsare su, saboda haka a kulle kwafin da lambar sirri, kuma jami'ai biyu amintattu su san ta.

Kira ga jami'ai da jama'a

Ana kira ga sakatarori da shugabannin sassa na ƙananan hukumomi 23 na jihar nan da su tsayar da ranar sabunta kwafi, su rubuta sunan mai alhakin yin hakan, su kuma riƙa buɗe kwafin lokaci-lokaci don tabbatar da cewa yana aiki, musamman kafin faɗuwar damina.

Mazauna karkara kuma, kowa ya ɗauki hoton takardar gonarsa, takardun haihuwar 'ya'yansa da na makaranta, ya yi fotokwafi, ya naɗe a leda, ya bai wa wani ɗan'uwa amintacce da ke wani gari ajiya. Manomi ba ya haɗa iri da abincin gida a wuri ɗaya, kuma Hausawa sun ce ajiya maganin wata rana.

Allah Ya kiyaye mu daga bala'in ruwa da na wuta, amin.