Maraɗi: ta Katsina ce ko ta Gobir?

Gardamar ta taso ne cikin shirina na dare, bayan wata baiwar Allah mai saida kayan miya ta kira da salula. Ta ce shekara 22 ke nan tana kasa kaya a Maraɗi, amma ranar da saɓani ya haɗa ta da maƙwabciyarta kan wurin zama, sai aka dubi zanen fuskarta aka ce mata: "Ke Bagobira, koma Tsibiri, nan garin Katsinawa ne." Kafin in rufe shirin layi ya ɗau zafi. Wani alhaji mai shagon atamfa ya ce ai gaskiya aka faɗa mata, ɗacinta ne kawai ta ji. Wani direban kamyo kuwa ya ce shi a Mokoyo aka yanke cibinsa, amma duk tashar da ya buɗe baki, Bagobiri ake ce masa.

To jama'a masu karatu, in maganar sarauta ce, babu ja. Mai sarautar Maraɗi, Sarkin Katsina ake ce masa har gobe. A 1807, lokacin jihadin Shehu Usman ɗan Fodiyo, birnin Katsina ya faɗi, gidan sarauta ya watse. Ɗan Kasawa ya fara fakewa Damagaram, daga baya, wajen 1819, ya kafa kujerarsa nan bakin Gulbi. Da sarautunsu suka zo: Ƙaura, Galadima, Durɓi, Ƴanɗaka. Wanda ke shiga unguwar Ƴanɗaka kullum, ko bai taɓa zama bencin lakwal ba, yana taka shaidar wanga tarihi da ƙafarsa.

Sai dai alhajin atamfa ya tsaya rabin labari. Gobirawa ma abin da ya koro Katsinawa shi ya koro su, don Alƙalawa ta faɗi a 1808. A yaƙin Gawakuke na 1836, Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsinan Maraɗi Rauda fage guda suka kwanta dama. Bayan nan ne Gobirawa suka kafa Tsibiri, kusa da ƴan uwansu, don kowa ya zama garkuwar kowa. Tsakanin garuruwan biyu ko rabin awa ba a yi bisa kabu-kabu. Kusan shekara 190 ke nan ana auratayya. Ni kaina kakata ta wurin uwa ɗiyar Tsibiri ce, kuma ban taɓa jin ta ce ta zo baƙunta ba. A 2010 ma, da gwamnati ta ɗaukaka darajar waɗannan sarautu, tare ta ɗaukaka Maraɗi da Tsibiri.

Akwai kuma abin da masu gardamar ke mantawa. Garin da Ɗan Kasawa ya zauna yana cikin fadama ne, kuma ambaliyar 1945 ta cinye shi. Maraɗin da muke ciki yanzu, wadda aka hau da ita bisa tudu, kasuwa ce ta raine ta. Gyaɗa ta fara tara jama'a. Da yaƙin Biyafara ya toshe hanyoyin kudancin Nijeriya daga 1967 zuwa 1970, fatauci ya ƙara buɗe wa alhazan garin. Da farin 1973 da 1974 ya karya gyaɗa, fiton kaya zuwa Nijeriya ne ya riƙe su. Ƙidayar 2012 ta samu mutum fiye da 260.000 cikin birnin. Wa zai ce duka jikokin mayaƙan Ɗan Kasawa ne? Ku leƙa kasuwa ranar Litinin ko Juma'a: Adarawa da albasa, Fulani da nono, Buzaye da raƙuma, Yarbawa, Inyamurai masu kayan gyaran mota. Tikitin kasuwa da magajin gari ke karɓa, ba a tambayar zanen fuska kafin a yanke shi.

Na san dalilin da ya sa wasu ke riƙe sunan Katsina da ƙarfi, kuma ban raina shi ba. Daga nan zuwa birnin Katsina ba a cika kilomita 100 ba. Ta Ɗan Isa da Jibiya kaya ke shiga su fita, naira da sefa na yawo aljihu guda, gidaje da dama rabinsu na can rabi na nan. Hanyar jirgin ƙasa da aka aza tubalinta a 2021 ma, daga Kano ta Katsina aka tsara ta zuwa Maraɗi. Amma da Nijeriya ta rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da kuma rufewar da ta biyo bayan juyin mulkin Yuli 2023 har zuwa Maris 2024, ba wanda aka buɗe wa shinge don kakansa Bakatsine ne. Kuɗin kaya tare ya hau wa kowa, kamyo tare suka yi layi gaban duwan.

Da na sake samun mai kayan miyar ta waya, na ce mata: "Inna, kin koma Tsibirin?" Ta yi dariya, ta ce tana nan wurinta. Shugabar matan layinsu ce ta raba gardamar, ta sa aka auna filin da igiya, kowa ya samu taki uku. Ita kuma wadda ta yi mata gorin, ashe surukarta, matar ɗanta na fari, Bagobira ce daga Gidan Runji.