Aya-aya: Gane Ta da Raba Ta da Tsakar Gida

A cikin birnin Zariya yawancin tsakar gida daɓe ne ko siminti, amma akwai magidanta da kan ware ɗan fili su dasa kiri-kiri domin ƙawa. Da an yi ruwan farko sai a ga wata baƙuwar ciyawa ta ɓullo a tsakani, mai sheƙin ganye, wadda ta fi kiri-kirin saurin tashi. Haka ta faru a gidanmu da ke Unguwar Juma. Sau uku ana bin ta da fartanya, kowane karo kuwa sai ta dawo fiye da dā.

Kuskurenmu shi ne mun fara yaƙi da ita ba mu san ko wace ce ba. Hanyar gane ta kuwa mai sauƙi ce. A murza karanta tsakanin yatsu. Ciyawa ta ainihi, kamar harƙiya, karanta a mulmule yake, yana da gaɓoɓi. Wannan kuwa kusurwa uku gare shi, ba gaɓa ko ɗaya. Idan an tona ƙasa sai a tarar da 'ya'ya baƙi-baƙi masu ɗaci da ɗan ƙamshi, a jere jikin wata siririyar jijiya tamkar carbi. To, wannan ita ce aya-aya, wadda masana tsirrai ke kira Cyperus rotundus. A wani littafi da aka buga a 1977 game da ciyayi mafi ɓarna a duniya, ita aka sa a farko.

Ɗalibin harshe zai lura cewa sunan kansa bayani ne. Bahaushe kan maimaita suna domin nuna kama, kamar ruwa-ruwa da gishiri-gishiri. Aya-aya ke nan mai kama da aya, amma ba ita ba. Lalle 'yan uwan juna ne, sai dai aya ɗa ɗaya take yi a ƙarshen kowace jijiya, mai zaƙi. A ganina, da mun tambayi tsofaffin gida sunanta tun farko, da mun san cewa maganar tana ƙarƙashin ƙasa.

Abin da ya sa fartanya ke ƙara ta shi ne, 'ya'yan da ke jere ba duka ke tsira lokaci guda ba. Saura barci suke yi. Da an tsinke jijiyar sai kowanne ya farka ya zama tushe mai zaman kansa. Saboda haka aikin na rani ne. A haƙe wurin da zurfin akalla taki ɗaya, a rairaye ƙasar, a tsince 'ya'yan, a shanya su a rana har su bushe ƙayau, sannan a ƙone. Kada a zuba su a juji, domin daga can za su bi taki zuwa gona.

Wanda ya tsere kuma, da damina ta faɗi a riƙa cire shi kafin ya yi ganye shida, don ya ƙarar da abincinsa. Maganin feshi irin su gilaifoset yana kashe ta, amma ba ya barin kiri-kirin. Mu dai sai da muka yi damina biyu muna wannan cira kafin filin ya koma hannunmu.