Tattalin Arzikin Hidima da Matsayinsa a Ci Gaban Al'umma: Nazari a Kan Garin Potiskum

1.0 Gabatarwa

Masana tattalin arziki sun kasa sana'o'in ɗan'adam gida uku. Kashi na farko shi ne na ciro albarka kai tsaye daga ƙasa ko ruwa, kamar noma da kiwo da su da haƙar ma'adinai. Na biyu shi ne na sarrafa abin da aka ciro, kamar ƙira da saƙa da jima da aikin masana'antun zamani. Na uku kuwa aiki ne wanda ake biyan mai yin sa ba tare da ya shuka ko ya ƙera wani abu ba, kamar sufuri da dillanci da koyarwa da aikin asibiti da na banki. Wannan kashi na uku shi za a riƙa kira “hidima” a cikin wannan maƙala, ko da yake Bahaushe ya fi sanin kalmar, wadda ya aro daga Larabci, da ma'anar ɗawainiyar biki ko yi wa babba aiki.

A shekarun 1930 Allan Fisher ya fito da wannan rabe-rabe, sa'an nan Colin Clark ya faɗaɗa shi a 1940. A ganinsu, idan ƙasa tana bunƙasa, ma'aikata kan tashi daga gona su koma masana'anta, daga nan kuma su gangara zuwa hidima, kamar yadda aka gani a Ingila da Amurka. Manufar wannan maƙala ita ce a auna wannan ra'i da garin Potiskum, wanda Hausawa kan kira Fataskum, inda hidima ta haɓaka ba tare da an bi ta matakin masana'anta ba.

2.0 Hidima a Nijeriya

A watan Afrilu na 2014 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sake lissafin arzikin Nijeriya, ta sauya shekarar da ake gwaji da ita daga 1990 zuwa 2010. Sai ga shi abin da ƙasar ta samar a 2013 ya kai kimanin dala biliyan 510, kuma fiye da rabinsa daga hidima ya fito, noma kuwa bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Babban abin da tsohon lissafi ya rasa gani shi ne harkar wayar salula, wadda ta fara aiki a 2001, sai kuma harkar fina-finai. Amma fa a daidai wannan zamani ne masaƙun Kaduna da Kano suka yi ta rufewa. Ke nan hidima ba gadon masana'antu ta ci ba, gurbin da suka bari ta cike. Masani Dani Rodrik ya nuna cewa ƙasashe masu tasowa da yawa sun shiga irin wannan hali, wato masana'antunsu sun tsufa tun ba su balaga ba.

3.0 Potiskum: Garin Hanya da Kara

Potiskum na yammacin Jihar Yobe, wadda aka cire daga Jihar Borno ranar 27 ga Agusta, 1991. Ko da yake Damaturu ce hedkwata, Potiskum ce cibiyar ciniki, kuma ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar mutum fiye da dubu 200. Ƙasar Ngizimawa da Karekare da Bolawa ce, ga Fulani da Barebari da Hausawa, kuma a 1924 ne Masarautar Fika ta maido mazauninta cikin garin. Hausa ce harshen kasuwa, har baƙo irina, wanda aiki ya rabo da gida ya kawo nan, ba ya bukatar tafinta, sai dai kunnensa ya saba da wani karin harshe daban da na ƙasarsu.

Abin lura shi ne jirgin ƙasa bai taɓa ratsa garin ba. Layin dogo ya isa Nguru a 1930, wanda ya nufi Maiduguri kuma a 1964 ta Bauchi da Gwambe ya bi. Abin da Potiskum ta samu shi ne mararrabar hanyoyin mota: ta Kano da Azare, ta Bauchi da Jos, ta Damaturu da Maiduguri, ta Gashuwa, da ta Fika zuwa Gwambe. Da harkar jirgi ta durƙushe, kayan da yake ɗauka suka koma kan kwalta, sai kakar garin ta yanke saƙa. Shi ya sa aka san attajiran Potiskum da mallakar tireloli.

Zuciyar wannan harka ita ce kara, wato kasuwar shanu, wadda ake lissafawa cikin mafi girma a Afirka ta Yamma. Ana koro shanu zuwa gare ta daga Yobe da Borno, har daga Jamhuriyar Nijar da Chadi, a yi lodinsu zuwa Legas da Fatakwal da sauran biranen Kudu. Bari mu bi sa ɗaya mu ga hannu nawa ke cin abinci a kansa. Akwai mai kora da ya kawo shi, da fatoma wanda ke saukar da baƙon falke ya ba shi wurin kwana ya kuma tsaya masa. Akwai dillali mai cin la'ada, da mai sayar da igiya, da mai harawa da dusa, da mai ruwa. Idan ciniki ya faɗa, sai 'yan lodi su ɗora shi, ɗan kamasho ya samo mota, direba da yaran mota su ja, wasu samari kuma su hau baya su raka shanun don kada wanda ya kwanta 'yan'uwansa su tattake shi. Bayan waɗannan ga bakanike da mai faci da mai walda da mai shayi da mai tuwo, ga ma'aikacin da ke yankar rasit. Duk cikinsu babu wanda ya yi kiwon san nan ko na kwana ɗaya, amma in ba don su ba, da bai yi kuɗin da zai yi a Legas ba.

A nan ne ya kamata mu yi gyara ga masu ɗaukar hidima a matsayin baƙon abu. Fatauci da dillanci da dako sun girmi zuwan Turawa nesa ba kusa ba; ayarin goro na Gwanja ma da madugu da jagaba da masu masauki yake tafiya. Abin da dillali ke sayarwa shi ne amana: ya san mai saniya, ya san ba ta sata ba ce, ya san falken da za a iya ba bashi. Zamani bai kashe wannan aiki ba, kayan aikinsa ya sauya. Yau falke na Kudu yana iya ganin hoton sa ta waya, ya taya, ya turo kuɗi ta banki, ba tare da ya ɗauro jakar kuɗi a ƙugu ya ratsa daji da ita ba.

4.0 Ƙarfi da Rauni

Amfanin hidima ga ci gaba a bayyane yake. Tana sada manomi da makiyayi da mai saye na nesa, tana ba matasa abin yi da ɗan jari kaɗan, tana kuma samar wa hukuma kuɗin shiga. Wani reshenta, wato ilimi da lafiya, shi ke gina mutumin da zai yi sauran ayyukan. Kwalejin Ilimin Fasaha ta Tarayya da ke garin misali ce.

Sai dai hidima kala biyu ce, kuma ƙididdiga ba ta rarrabe su. Akwai wadda ke ƙara wa kaya daraja, kamar ta direban tirela da dillalin kara. Akwai kuma wadda mafaka ce kawai ga wanda ya rasa aiki, inda za ka ga mutum goma sun jeru suna sayar da abu ɗaya ga mai saye ɗaya. Yawan masu irin wannan sana'a ba alamar arziki ba ne, raba ɗan abin da ke akwai ne ake yi gutsure-gutsure.

Rauni na biyu shi ne hidima ba ta jure tashin hankali. Ranar Laraba 2 ga Mayu, 2012, 'yan bindiga suka auka wa karar Potiskum, suka kashe mutum fiye da talatin, suka sa wuta. A watan Mayu na 2013 aka kafa dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa, aka katse layukan waya na tsawon makonni, a shekarun nan kuma an hana hawa babur, 'yan acaɓa suka koma Keke Napep ko suka bar gari. Manomi yana iya ɓoye hatsinsa a rumbu ya jira lafawar ƙura, amma ɗan dako ba shi da rumbun da zai tara dakon jiya. Haka aka sake gani a farkon 2023, sa'ad da canjin takardun naira ya jawo ƙarancin kuɗi: makiyayin da ba shi da asusun banki ya rasa yadda zai karɓi kuɗin dabbarsa, masu na'urar POS kuwa suka wayi gari suna sayar da kuɗi da kuɗi.

Na uku, wanda a ganina ya fi sauran muhimmanci, shi ne san nan da ransa yake barin Potiskum. Yana shafe kwanaki a tsaye cikin mota, ya rame, wani ma ya mutu a hanya. Yanka da fiɗa da sayar da nama, da fata da ƙaho da ƙashi, duk can inda ya sauka ake cin moriyarsu, fatar ma sau da yawa ganda take zama maimakon ta je majema. Haka gero da wake da riɗi ke fita a buhu yadda suka baro gona. Da za a samu mayanka ta zamani mai ɗakin sanyi da wutar lantarki tsayayya, da tirelar da ke ɗaukar shanu 'yan gomomi za ta ɗauki naman ninkinsu, fata kuma ta tsaya a gida. Direba da ɗan kamasho da bakanike ba za su rasa aiki ba. Masu rakiyar shanu ne za su nemi wata sana'a, mahauta da majema da masu gyaran injin sanyi kuma su shigo cikin lissafi.