Takobin gado

Yara, a gidanmu, cikin Birnin Damagaram, akwai wani tsohon takobi. Wata rana wani ɗan kasuwa ya zo zai saye shi. Babana ya ce sai mun san mai shi tukuna.

Da farko muka tambayi tsofaffi. Gwaggo ta ce na kakan kakanmu ne, baraden sarki Tanimun, wanda ya gina ganuwar Damagaram, ya rasu a 1884.

Daga nan muka kai shi wurin maƙeri. Ya goge tsatsa, ya nuna mana zanen jinjirin wata biyu a jikin ƙarfen. Ya ce irin wannan ƙarfe fatake ke kawowa bisa raƙuma daga Tarabulus, ta Agadas. Maƙeran gida su sa masa ƙota, dukawa su ɗinka kube.

Maganar gwaggo da ta maƙeri suka dace. Takobin ya fi shekara 140. Babana ya ƙi sayarwa.

Haka ake binciken kayan gado: a tambayi manya, a dubi kayan, a gwada maganganun.

Ku fa, wane tsohon abu ke gidanku? Ku tambayi kakanninku tun suna raye.