Haihuwa ta Hanyar Tiyata: Ina Muka Kwana a Zamfara?

A ƙauyukan Tsafe da Bungudu, idan aka ce za a yi wa mai naƙuda aiki, sai gida ya yi tsit kamar an yi rasuwa. Alhali kuwa wannan aiki, wato buɗe ciki da mahaifa a ciro jariri, sau da yawa shi ne sanadin tsirar uwa da ɗanta.

A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa haihuwa ta tiyata ta tashi daga kimanin kashi 7 cikin 100 a 1990 zuwa kashi 21. Tun 1985 kuwa masana suka taru a Fortaleza ta Brazil suka ce babu dalilin da zai sa ta wuce kashi 10 zuwa 15. Amma binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kimanin kashi 3 ne kacal a Nijeriya, a Arewa maso Yamma ma bai kai haka ba. Ashe yayin da wasu ƙasashe ke kukan yawa, mu ƙaranci ne ciwonmu.

Yaushe likita kan yanke shawarar aiki? Idan kan jariri ya fi ƙarfin ƙugun uwa, kamar yadda yakan faru ga yarinyar da ƙashinta bai gama girma ba. Ko jariri ya gicciye. Ko mabiyya ta tare bakin mahaifa. Ko jijjiga ta kama mace alhali haihuwa na nesa. Doguwar naƙuda kuwa takan sa kan jariri ya danne mafitsara har naman ya mutu, daga nan sai yoyon fitsari.

Aikin ba baƙo ba ne a Afirka, domin a 1879 wani Bature, Robert Felkin, ya ga masu maganin gargajiya sun yi shi a Yuganda, uwa da ɗa suka rayu. A yau akan yi allura a gadon baya, ƙasan jiki ya mutu mace tana farke, sannan a yanka ƙasan mahaifa a gicciye, salon da Munro Kerr ya yaɗa tun 1926. Wannan wuri bai cika zubar da jini ba, tabonsa kuma ya fi jure ciki na gaba.

Sai dai akwai haɗari. Wani bincike da aka buga a 2019 ya gano cewa mutuwar uwa bayan wannan aiki a Afirka ta ninka ta ƙasashe masu arziki kusan sau 50, galibi saboda zubar jini. Matar da ta kwana biyu tana naƙuda a gida kafin a kai ta Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau ta riga ta galabaita tun likita bai ɗauki wuƙa ba.

A Nuwamban 2024 Ministan Lafiya, Muhammad Ali Pate, ya sanar da yin aikin kyauta ga mata marasa hali. Saura namu. Malamai da ɗalibai, ku isar wa iyaye cewa a je awon ciki, a tanadi mota da mai ba da jini tun wata bai kama ba, kuma wadda aka taɓa yi wa aiki kada ta sake haihuwa sai a asibiti.